Labarin Sojan Keke da Tsohuwar Hanyar Mullan

A ƙasar Amurka ta yamma akwai waɗansu manyan duwatsu da ake kira Roki, waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu suka raba ƙasar biyu. Ruwan da ya zuba a gabashinsu gabas yake gangarawa, wanda ya zuba a yammacinsu kuwa sai ya nufi tekun Fasifik. A zamanin da, ƙetare su da kaya babbar wahala ce. Saboda haka cikin 1859 gwamnati ta sa wani hafsa, Laftanan John Mullan, ya sari hanyar keken shanu daga barikin Walla Walla zuwa barikin Benton a bakin kogin Misuri. Aka gama aikin cikin 1862, tsawon hanyar ya ɗara mil 600. Mashigin da ta bi ta haye dutsen, kusa da garin Helena a jihar Montana, tudunsa ya kusa ƙafa 6,000, har yau kuwa da sunan Mullan ake kiransa.

Hanyar ba ta daɗe tana cin kasuwarta ba. Cikin 1883 jirgin ƙasa ya iso, aka huda dutsen a ƙarƙashin mashigin nan, jirgi ya riƙa wucewa ta ciki. Fatake suka koma jirgi, tsohuwar hanya ta zama ta makiyaya da masu haƙar ma'adini. A kanta ne waɗansu sojoji suka haye dutsen cikin wata tafiya wadda ta cancanci kowane ma'aikaci ya san labarinta.

Ga yadda abin ya faru. Tun 1888 akwai sojan ƙasa na runduna ta 25 a barikin Missoula. Kurata da sajojinsu duk baƙaƙen fata ne, hafsoshinsu kuwa farare, gama haka al'adar soja take a wancan zamani. Cikin hafsoshin akwai wani saurayi, Laftanan James Moss, wanda ya fito makarantar hafsoshi ta West Point cikin 1894. A lokacin nan keke mai ƙafafu daidai da juna, mai taya ta iska, sabon abu ne, duniya tana yayinsa. Moss ya ga keke ba ya cin dawa, ba ya shan ruwa, ba ya haniniya balle ya tona asirin mai shi. Ya nemi izni a gwada ko zai iya maye gurbin doki, babban hafsan soja Janar Nelson Miles kuwa ya yarda.

Cikin 1896 suka fara gwaji da mutum takwas, suka je gandun Yellowstone suka komo, tafiyar kamar mil 800. Da aka ga abin ya yiwu, sai aka shirya babbar tafiya. Ran 14 ga watan Yuni 1897 soja ashirin suka tashi daga Missoula, tare da Moss, da likita, da wani ɗan jarida. Inda suka nufa shi ne birnin St. Louis, nisan mil 1,900.

Kamfanin Spalding ne ya ƙera kekunan, masu ƙarfi, ba su da giya sai ɗaya. Kowane soja ya ɗaure bargonsa da rabin tanti a gaban keke, ya rataya bindiga a baya. Tukwanen dahuwa an yi su daidai da tsakiyar ƙarfen keke don su shige ciki. Guzurin kwana biyu kaɗai suke ɗauka, sauran an riga an aika da shi ta jirgi, an ajiye a tashoshi, tsakanin wannan da wancan kamar mil 100. Watau in ba su ci mil 50 a yini ba, yunwa ce ke jiransu. Akwai kuma wani kurtu, John Findley, gwanin gyaran keke ne. In na wani ya karye sai ya ba shi nasa, shi ya tsaya ya gyara, sa'an nan ya bi sawu ya tarad da su.

Tun kwanakin farko ruwan sama ya tare su. Ƙasar wurin irin laka ce mai danƙo, wadda ke liƙe wa taya har ta ƙi juyawa, sai an sa wuƙa an kankare. Duk wanda ya taɓa fita rangadi da keke a fadama cikin damina ya san irinta. Da suka hau mashigin Mullan, ko da yake rani ne a can, ƙanƙara ta sauko musu, hannuwa suka sandare, suka riƙa tura kekunan da ƙafa. Gangarowa ma ba sauƙi, sai riƙe keke ake yi kada ya kwashi mutum. Bayan dutse suka shiga filayen Wyoming, inda ruwan sha yake da kanwa, ya sa da yawa cikinsu ciwon ciki, har shi Moss kansa ya kwanta bayan sun shiga Nebraska. A Nebraska kuma rairayi ya hana tafiya, ga zafin rana, dole suka hau hanyar jirgi suna bin katakan dogo, jiki na girgiza.

Wanda ya riƙe mutanen nan cikin wannan wahala shi ne Saje Mingo Sanders, wanda ya fi su daɗewa a aikin soja. Hafsa ya ba da oda, amma saje ne ya san wanda ƙafarsa ta kumbura, da wanda zuciyarsa ta karye. Ran 24 ga watan Yuli suka shiga St. Louis, bayan kwana 41, jama'a suka yi dafifi suka tarye su.

To, me aka samu? Moss ya rubuta rahoto cewa keke ya isa aikin leƙen asiri da kai saƙo. Amma manya ba su ɗauki shawarar ba. Aka mai da sojan Missoula cikin jirgi. Cikin 1898 yaƙi ya tashi da Sifen, aka tura runduna ta 25 Kuba, suka yi faɗa a El Caney. Ba a jima ba mota ta fito, maganar sojan keke ta mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ban tausayi. Cikin watan Agusta 1906 aka yi harbe-harbe da dare a garin Brownsville na Texas, mutum ɗaya ya mutu. Mutanen gari suka ɗora wa baƙaƙen sojan runduna ta 25 laifi, ko da yake hafsoshinsu sun ce suna cikin bariki. Ba a kai kowa gaban alƙali an tabbatar masa da laifi ba, amma Shugaba Theodore Roosevelt ya sallami mutum 167 sallamar wulaƙanci. Saje Sanders yana cikinsu, bayan aikin wajen shekara 25, fansho ya kusa, ya tashi a tutar babu. Ya rasu cikin 1929. Sai 1972 hukumar soja ta sake duba shari'ar ta wanke su, alhali kusan dukansu sun riga sun kwanta dama.

Yau Missoula gari ne na masu yawon keke. Can ne hedkwatar ƙungiyar Adventure Cycling take, wadda a ƙarshen shekarun 1990 ta zana hanyar keken daji mai bin ƙashin bayan duwatsun Roki, fiye da mil 2,700. Kowace shekara mutane sukan bi ta don nishaɗi, da kekuna masu giya barkatai da guzuri marar nauyi. Sojan 1897 kuwa da giya ɗaya da bindiga a baya suka haye.

Sunan Mullan yana kan dutse, sunan Moss yana kan rahoto. Waɗanda suka sari hanyar da gatari, da waɗanda suka tura keke cikin ƙanƙara, ba kasafai ake ambatonsu ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shugaban da aka kawo masa ƙarar ƙaramin ma'aikaci, ya kamata ya buɗe littafin aikinsa tukuna, ya ji ta bakinsa, kafin ya sa hannu a takardar sallama. Sa hannu na rana ɗaya ne, amma gyaran na Brownsville sai da ya ci shekara 66.