Dajin Kamuku da Zafin Baki Kan Sauyin Yanayi

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, bayan sulhun gwamnatin Uba Sani da 'yan bindiga, tsohuwar gardama ta farfaɗo a Facebook. Da zarar wani ya rubuta cewa sauyin yanayi na da hannu a rikicin, sai a yi masa ca: ɗan koren Turawa, mai wanke wa makasa laifi, wanda bai taɓa binne ɗan'uwansa ba.

Dajin Kamuku tsohon mazaunin Kamukawa da Gwarawa ne, Fulani kuma suna ratsa shi da shanu. A 1936 Turawan mulki suka mai da shi gandun daji ƙarƙashin En'e. Daga nan itacen da kakan mutum ya saba sara ya zama na hukuma, malamin daji na iya ƙwace gatari ya ci mutum tara. A 1999 ya koma hannun gwamnatin tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Tun zamanin En'e, in aka zo wa talaka da zancen kare itatuwa, asara yake hange.

Wasu na cewa jahilci ne ya kawo wannan zafi, wasu su ce ai mutanenmu sun riƙe cewa ruwa na Allah ne, wasu kuma su ce daga masu ƙaryata ɗumamar duniya na Amurka aka kwaso. Ban yarda ba. Manomin da ya yi shuka sau biyu saboda ruwan fari ya yaudare shi ba ya buƙatar wani ya gaya masa damina ta canza hali. Dattawa na tuna farin 1973 da na 1984, da yadda garkunan shanu suka yi ta gangarowa kudu. Kuma imani da ƙaddara bai taɓa hana kowa duban hadari ba.

A ganina ciwon daga bakin hukuma ya fito. Lokacin da satar shanu ta mai da Kamuku maɓoya, har gwamnonin yankin suka haɗa kuɗi aka tura sojoji a 2015, lokacin da aka kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska a watan Mayun 2018, hanyar Kaduna ta gagara bi sai da rakiyar jami'an tsaro, a lokacin ne manya ke bayyana rikicin makiyaya a tarukan ƙasashen waje da ƙafewar Tafkin Cadi da kwararowar hamada. Akwai gaskiya a ciki, amma mai makoki ya ji ta a matsayin uzuri. Ba a ambaci zinaren da ake haƙa ba, ko rashin adalci wajen shari'ar gona da burtali, ko ƙauyukan da ba su da ko ɗan sanda ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne, yayin da ake wannan zage-zage, motocin gawayi da katako na ci gaba da fitowa daga dazuzzukan yankin, shaƙe da kaya, suna nufar Kaduna.