Injin Gazuwal na Motar A-kori-kura: Abin da Ke Sa Ya Daɗe da Abin da Ke Kashe Shi

Idan ka je kasuwar albasa ta Galmi, ko wata tashar mota a Maraɗi ko Damagaram, za ka ga ƙananan motocin kaya masu buɗaɗɗen baya, waɗanda ake kira a-kori-kura. Su ne ke shiga ƙauyukan da babbar mota ba ta iya kaiwa, su kwaso gero da wake da albasa da bisashe zuwa bakin kwalta. Da yawansu da gazuwal suke aiki, wato man dizal. Duk wanda ke shirin sayen irin wannan mota, shi kaɗai ne ko ƙungiyar manoma ce ta haɗa kuɗi, tambayarsa ɗaya ce: wane inji ne ba zai bar mu a daji ba?

Sunan inji rabin amsa ne kawai. Sauran rabin yana ga man da ake ba shi, da iskar da yake shaƙa, da nauyin da ake aza masa.

Yadda injin yake aiki

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro shi, kuma ya samu nasarar tayar da shi sosai a shekarar 1897. Injin fetur yana buƙatar tartsatsin buji kafin mai ya kama wuta. Na gazuwal ba ya buƙata. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta. Matsin nan yana sa ta yi zafi ƙwarai. Sai a fesa mata gazuwal, nan take ya kama. Saboda ƙarfin wannan matsi, dole a ƙera injin da ƙarfe mai kauri. Shi ya sa yake da nauyi, yake jan kaya ba tare da an taka shi da yawa ba, kuma yake shan mai kaɗan idan aka gwada shi da na fetur.

Tsofaffi da sababbi

A da, Peugeot 404 da 504 masu tamfol su ne sarakunan hanya, kuma an daɗe ana harhaɗa 504 a Kaduna. An daina ƙera su tuntuni. Waɗanda suka fi yawa yanzu su ne Toyota Hilux, wadda aka fara yi a 1968, da Land Cruiser ta jerin 70, wadda ta fito a 1984.

Ɗaya daga cikin injunan da direbobi ke yabo shi ne 1HZ na Land Cruiser. Ya fito a 1990, yana da silinda 6, girmansa lita 4.2, ba shi da turbo. Ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, ɗan kaɗan ne ga inji mai wannan girma. To amma nan ne sirrinsa: babban inji ne da ke yin ƙaramin aiki, kamar raƙumin da aka ɗora wa kayan jaki. Famfonsa na mai na ƙarfe ne zalla, makaniken gari yana iya gano ciwonsa da kunne da hannu. Haka ma injunan tsofaffin Hilux, irin su 2L da 3L da 5L. Ba su da gudu, amma suna da haƙuri.

Hilux ɗin da ta fito wajen 2005 ta zo da injunan da ake rubuta wa D-4D, kamar 2KD mai lita 2.5, daga 2015 kuma aka koma ga injunan GD masu lita 2.4 da 2.8. Waɗannan suna da turbo, kuma kwamfuta ce ke auna musu mai. Sun fi tsofaffin ƙarfi, sun fi su tsimin mai. Sai dai suna tura gazuwal da matsin da ya haura ba 1,500. Don ka gane girman wannan, tayar motarka ba 2 ko 3 ake sa mata. Ramukan da man ke fita ta cikinsu ƙanana ne ainun, sai ka ce silin gashi. Ƙwayar rairayi ko ɗigon ruwa da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, shi sabon yana iya kwantar da shi, kuma gyaransa sai da na'urar bincike da kaya masu tsada.

Ba wai sabon inji ba shi da kyau ba ne. Ga wanda ke bin kwalta tsakanin Yamai da Damagaram, yana shan mai a gidan mai, sabon ya fi riba. Amma wanda aikinsa cin kasuwannin ƙauye ne, nesa da babban gareji, a ganina tsohon fasali ya fi masa kwanciyar hankali. Ka kuma yi hattara da motocin hannu da aka ƙera domin Turai. Wasunsu suna da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ke son gazuwal mai ƙarancin farar wuta da wani baƙin mai na musamman. In ba ta samu ba sai ta toshe, mota ta rasa ƙarfi.

Mai, ƙura da baƙin mai

Tun 2011 matatar SORAZ ta kusa da Damagaram take tace gazuwal, amma tsakanin matata da tankin motarka akwai hannuwa da yawa. Man da ya kwana a tsohuwar duro ko jarka yakan ɗauki tsatsa, ƙasa da ruwa. Wani kuma akan gauraya shi da kananzir. Gazuwal yana da santsi, kuma santsin nan ne ke shafe cikin famfo. Kananzir da fetur ba su da shi, saboda haka famfo yakan cinye kansa. Idan dole ta sa ka sayi na bakin hanya, ka bar shi ya kwanta, ka tace, kada ka juye na gindin jarka. A ƙarƙashin matatar mai akwai ɗan makunni na zubar da ruwan da ya taru. Ka ce makanike ya nuna maka shi sau ɗaya, daga nan aikinka ne.

Ƙura ita ce maƙiyin da ba ya hutu, balle lokacin hunturu. Idan ta shiga silinda sai ta gauraya da mai, ta riƙa goge ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin ɗan'uwansa. Ka riƙa buɗe matatar iska kana kakkaɓe ta a hankali. Wadda ta yage, ko da tsagar ba ta fi ta ƙumba ba, ta gama aiki. Akwai masu cire ta ɗungum wai don mota ta ƙara numfashi. Wannan sayar da akuya ne don sayen igiya.

Baƙin mai kuwa, a irin hanyoyinmu masu ƙura da nauyin kaya, a juye shi duk kilomita 5,000, tare da matatarsa. Tafiya takwas ke nan, ko ƙasa da haka, tsakanin Yamai da Maraɗi. Wanda ke aiki kullum zai cika su cikin ƴan makonni, ba sai an jira sabuwar shekara ba.

Nauyi da zafi

Yawancin a-kori-kura irin Hilux an yi su ne don ɗaukar kamar tan ɗaya, wato buhu 10 na gero mai kilo 100, kuma direba da yaron mota da fasinjoji duk suna cikin wannan lissafi. Kowa ya san abin da ake yi ranar kasuwa: buhu ashirin, mutane a bisa, awaki a gefe. Motar za ta tafi, ba za ta ƙi ba, shi ya sa mutane ke cewa tana da ƙarfi. Amma a cikin rairayi, da zafin bazara da ke wuce digiri 40, injin na dafuwa ne. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya ƙona gasket ko ya tsaga kan inji, kuɗin gyaran kuwa ya cinye ribar buhunan da aka ƙara har da uwar kuɗi.

Saboda haka idonka ya riƙa komawa ga allurar zafi. In ta hau, ka tsaya. Kada ka buɗe murfin tukunyar ruwa da zafinta, domin tururin na ƙona fuska, kuma kada ka kwara wa injin ruwan sanyi. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin ɓamɓaroki a cikin bututai har su toshe. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan ya fi. Idan motarka mai turbo ce, bayan doguwar tafiya ka bar injin ya yi minti 1 ko 2 yana juyawa kafin ka kashe.

Akwai kuma wani bel mai haƙora a ɓoye a gaban injin, wanda ke daidaita motsin bawul da fistin. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, in kuwa ya tsinke fistin na dukan bawul, inji ya lalace a cikin ƙiftawar ido. A tsofaffin injuna irin 3L ana sauya shi a kilomita 100,000. Injunan GD sarƙa gare su maimakonsa.

Ranar saye

Ka je da makaniken da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Ka nemi a tayar da motar da safe, injin na da sanyi. In ka tarar an riga an ɗumama shi, ka dawo gobe. Ka tsaya ta baya ka dubi hayaƙi. Baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa gyaransa da sauƙi. Shuɗi yana nuna injin na ƙona baƙin mai, ya tsufa ke nan. Fari mai yawa wanda bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama, ko dai man ba ya ƙonewa daidai ko ruwa na shiga silinda. Ka zaro sandar awon baƙin mai: idan ka ga ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, ka bar musu motarsu.

Kada ka dogara da lambar kilomita da ke gaban direba, domin akan mayar da ita baya. Ka tambayi mai sayarwa ranar da aka sauya bel. In ya yi inda-inda, ka sa kuɗin sabo a cikin cinikin. Daga ranar da motar ta zama taka, ka ajiye ƙaramin littafi a aljihunta. Ka ja layi uku a kowane shafi: kwanan wata, lambar kilomita, da aikin da aka yi.