Sulke: Yadda ake ƙera zobbansa da goge su, daga fagen fama zuwa kayan ado

Sulke riga ce da ake saƙawa da ƙananan zobban ƙarfe, kowanne a sarƙe da maƙwabtansa, domin ta kare mayaƙi daga saran takobi. A ƙasar Hausa an fi ganinsa yau a jikin mahaya ranar hawan Sallah, tare da lifidi da kwalkwali. Sai dai dabarar saƙarsa ba ta mutu ba, domin da ita ake yin wasu sarƙoƙin wuya, da na hannu, da 'yan kunne.

Tarihinsa a ƙasar Hausa

Sana'ar tana da daraja a wurin Musulmi, kasancewar Alƙur'ani ya ambaci cewa Allah Ya tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe, Ya kuma umarce shi da yin sulkuna tare da daidaita saƙarsu, kamar yadda ya zo a Suratu Saba'i, aya ta 10 da ta 11.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Bayan jihadin 1804, da kafa birnin Sakkwato a 1809, rundunonin Daular Usmaniyya sun dogara ƙwarai ga dawakai, sulke kuwa ya kasance kayan manyan barade saboda tsadarsa. Baturen bincike A.D.H. Bivar, wanda ya nazarci makaman Arewa ya kuma wallafa sakamakon a 1964, ya nuna cewa da yawa daga cikin tsofaffin sulkunan fadoji daga waje aka shigo da su, musamman ta ɓangaren Masar. Yawaitar bindiga ta rage amfaninsa, kuma bayan faɗuwar Sakkwato a hannun Turawan Ingila ranar 15 ga Maris, 1903, ya koma kayan ado na sarauta.

A al'adance maƙera kashi biyu ne. Maƙeran baƙi, irin waɗanda unguwar Maƙera Assada ta Sakkwato ta shahara da su, su ne masu fartanya da gatari da takobi. Maƙeran fari kuwa su ne masu sarrafa azurfa da tagulla da jan ƙarfe, kuma a hannunsu aikin zobe da sarƙa yake.

Yadda ake yin zobban

Aikin yana farawa daga waya. Maƙeri yakan ja ƙarfen ta cikin hudojin wani faranti mai tauri, daga babbar huda zuwa ƙarama, har ya kai kaurin da ake so. Ja yana sa ƙarfe ya yi tauri, don haka akan gasa shi a wuta lokaci-lokaci domin ya yi laushi, kada ya tsinke.

Daga nan sai a naɗe wayar a jikin sandar ƙarfe, naɗi kusa da naɗi ba tare da tazara ba. A zare naɗin, a yanka shi a tsaye, kowane zagaye ya fito zobe guda. Yankan siririn zarto ya fi na filaya, domin yana barin bakuna biyu a miƙe yadda za su haɗu tsaf, alhali filaya tana matse bakin ta bar giɓi.

Ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne faɗin cikin zobe idan aka raba shi da kaurin wayar. Waya mai kaurin milimita 1 da aka naɗe a sanda mai milimita 4 tana ba da ma'auni kusan 4, wanda ya dace da saƙar sulke da aka fi sani, inda kowane zobe ke riƙe da huɗu. Idan ma'aunin ya gaza, saƙar ta cije. Idan ya zarce, ta yi sako-sako. Da wannan lissafi, mita guda na waya yakan ba da zobba kusan 60, ita kuwa rigar sulke tana cin dubun-dubatarsu.

Wajen buɗe zobe, ana riƙe gefe biyu da filaya biyu a murɗa, ɗaya gaba ɗaya baya. Wanda ya ja bakunan hagu da dama ya ɓata da'irar, kuma da wuya ta koma daidai. Sulken yaƙi na ƙwarai akan daddale bakin zobensa a huda shi a dasa ƙaramar ƙusa. Na ado kuwa ko dai a haɗa bakin kawai, ko a liƙe shi da wuta.

Gogewa

Zobe sabon yanka yana da kaifi a baki, wanda ke yagar fata da tsinka zaren tufafi. Mutanen da sukan zuba sulke a ganga tare da yashi su yi ta mirginawa har tsatsa ta fita. Masu aikin zamani suna amfani da ƙaramar ganga mai juyawa da lantarki, a zuba ƙwayoyin ƙarfe marar tsatsa da ruwa da ɗan sabulu, a bar ta tana juyawa na wasu sa'o'i. Wannan yana kashe kaifin, ya fito da sheƙi, ya kuma ƙara wa fatar zoben ƙwari. Tagulla da jan ƙarfe suna washewa da ruwan lemon tsami ko na tsamiya, amma wajibi ne a ɗauraye su a busar nan take.

Abin lura

Mai saye ya shafa sarƙa a bayan hannunsa ko a jikin ƙyalle. Idan ta kama zare, ba a goge ta da kyau ba. Hatimin 925 a jikin azurfa yana nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce. Wasu ƙarafan masu araha suna ɗauke da nikel, wanda ke jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Maƙeri kuma ya guji gasa wayar da aka lulluɓe da zinki, domin hayaƙinta yana sa zazzaɓi.

Ga gidajen sarauta da ke ajiye da sulken gado, babban abokin gaba shi ne danshin damina. A ajiye shi a busasshen wuri, a shafe shi da ɗan mai, kada a jiƙa shi a ruwa mai tsami ko a kankare shi da injin gurza, domin zoben da ya shekara ɗaruruwa idan ya cinye, babu mai mayar da shi.