Daga Kakalaba zuwa ambaliyar Binuwai: tarihin shakkunmu a kan sauyin yanayi



A zamanmu na watan jiya na kawo shawarar mu ware ɗan wani abu daga asusun ƙungiya mu sayi dashen itatuwa kafin damina ta kankama. Ban rufe baki ba wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Sakatare, wannan sauyin yanayin naku ai maganar Turawa ce da masu neman kwangila. Tun muna yara ake fari, ake ambaliya. Ruwa na Allah ne." Aka yi dariya, aka wuce zuwa batun kuɗin wata. Ban ji haushi ba, domin rabin maganar Baba gaskiya ce. Wannan rabin ne ya sa na koma na bi tarihin abin, ga kuma abin da na tattaro.

Lallai fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu har sunaye suke raɗa wa yunwa kamar yadda ake raɗa wa jariri, kuma da ita suke lissafin shekaru. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai 'Yar Buhu ta 1927, akwai 'Yar Gusau ta 1942. Kakata ba ta san shekarar haihuwarta da lamba ba, sai dai ta ce ta yi wayo kafin 'Yar Gusau. Wanda ya tashi cikin irin waɗannan labarai, in ka zo masa da batun cewa yanayi ya lalace, dole ya tambaye ka: yaushe ya taɓa gyaruwa?

Amma mu dubi Kakalaba da kyau, don a nan ne rashin yarda da hukuma ya samo saiwa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Nan take cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suna saye da tsada, manoma da yawa suka ƙara gonar gyaɗa suka rage ta hatsi. Sai daminar 1913 ta gaza. Rumbuna babu komai, ga kuma haraji da Bature ya mayar na tsabar kuɗi, bai ɗaga ba. Mutane suka sayar da dabbobi da kayan ɗaki, wasu suka bar garuruwansu suka nufo kudu neman abinci, da yawa suka mutu a hanya. Ruwa ne ya ƙi sauka, haka ne, amma haraji da kasuwa su suka mayar da fari ya zama annoba. Talaka ya koyi darasi tun ranar: mai mulki yana zuwa karɓa, ba ya zuwa da taimako.

Bayan shekara ashirin sai ga wani abin da kusan ba a ba da labarinsa. Wani Baturen Ingila masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya zagaya Arewacin Najeriya da kudancin Nijar a 1934, ya koma ya rubuta a 1935 cewa hamadar Sahara tana gangarowa za ta cinye ƙasar noma. Maganar ta tayar da ƙura har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana a 1936 zuwa 1937 ya bi iyakar ƙasashen biyu. Kwamitin ya dawo ya ce bai ga hamada tana tafiya kamar yadda aka faɗa ba, abin da ya gani shi ne ɓarnar sare daji a wurare daban-daban. Stebbing ya zo da rani ne, ya ga ƙasa fayau, ya ɗauka haka take kullum. Ke nan masana ma sun taɓa yin kururuwar da ta wuce gaskiya, kuma wanda ya sha wahalarta shi ne manomi, don dokokin gandun daji sun mayar da itacen gonarsa mallakar gwamnati, ɗan gandun daji ya zama abin tsoro kamar ɗan doka. Duk mai shakka a cikinmu yana da wannan hujjar ko da bai san sunan Stebbing ba.

Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 kuwa ruwa ya wadata sosai, aka manta. Daga 1968 damina ta soma ja da baya, har aka kai ga babban farin 1972 zuwa 1974. Shanu suka mutu garke-garke daga Sakkwato zuwa Borno. A Nijar, yadda aka yi almundahana da kayan agaji yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Shekara goma bayan nan fari ya dawo a 1983 da 1984, ya zo daidai da rufe iyakokin Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a Afrilun 1984, shi ya sa mutanen Maraɗi da Damagaram suke kiran wannan yunwar El-Buhari. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000, ya tsuke zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Wani zai ce ina ruwan Lafiya da Tafkin Chadi? Ai masu garin nan daga Borno suka taso; Muhammadu Dunama da jama'arsa ne suka kafa Lafiyar Barebari fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Mu ma Hausawan da ke zaune a Tudun Gwandara, Sabon Pegi, Tudun Amba da Bukan Sidi, in kowa ya tambayi gidansu zai tarar fatauci ne ko jirgin ƙasa ko neman ƙasar noma ya kawo kakansa. Mahaifina ya baro ƙasar Katsina bayan farin 1973, ya zo cin rani, bai koma ba. Ya kan ce abin da ya riƙe shi a nan shi ne ganin ƙasar da ake ruwa tun watan Afrilu har Oktoba, a noma doya a noma riɗi a noma shinkafa a fadama ɗaya. Makiyaya ma tun wancan farin suka ƙara gangarowa kwarin Binuwai suna zama. Ban ce fari kaɗai ne ya haifar da rikicin manoma da makiyaya a Awe, Keana, Obi da Doma ba. Akwai yawan jama'a, akwai cinye burtali, akwai siyasa, akwai dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai da ta fara aiki a Nuwamban 2017 ta turo garkuna wajenmu. Amma duk wanda ya cire fari daga lissafin bai kammala lissafi ba.

To ina ganin a nan ne asalin halin ko-in-kula namu na Lafiya yake. Mu a wurinmu nan ne mafaka. Fari abin "can Arewa" ne, abin da iyayenmu suka gudo suka bari. Hatta gwamnati haka take kallon abin: shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, jihohi 11 na bakin hamada aka sa a ciki a Najeriya, babu Nasarawa. Kalmar da aka fi yi mana wa'azi da ita a rediyo ita ce kwararowar hamada, mu kuma muka leƙa waje ba mu ga yashi ba, muka ce ba da mu ake ba.

Ashe namu kason ta ruwa zai zo. A 2012 aka yi ruwa mai yawa, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, Binuwai ta cika ta batse. Hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. Garuruwanmu na bakin kogi irin su Tunga, Loko da Umaisha sun ɗanɗana. Aka ce ai abin sau ɗaya ne a shekara arba'in. Shekara goma cif, a 2022, ya dawo ya fi na da: sama da mutum 600 suka rasu, gonar shinkafar kamfanin Olam da ke Rukubi a Ƙaramar Hukumar Doma ruwa ya shanye ta, balle ta ƙaramin manomi. A daminar 2024 kuma sai aka ga akasin haka, ruwa ya ɗauke makonni a tsakiyar damina, masara ta bushe a tsaye, aka fita sallar roƙon ruwa a garuruwa da dama. Cikin Satumbar shekarar madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri.

A nan ma masu shakka suna da abin faɗa, kuma sun faɗa mini. Suka ce ambaliyar Binuwai laifin Lagdo ne da gwamnatinmu da ta kasa gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa tun lokacin da aka kammala Lagdo a 1982. Suka ce ruwan da ke shiga gidaje a cikin gari kwatoci ne muka toshe da leda, muka yi gini a kan hanyar ruwa. Duk gaskiya ne. Sai dai madatsa ba ta ƙirƙirar ruwa, abin da ya sauko daga sama take tarawa.

Abin da ya bambanta yau da zamanin Stebbing shi ne awo. Shi da ido ya duba a tafiya ɗaya. Yanzu akwai ma'aunin ruwa da na zafi na shekaru masu yawa, akwai tauraron ɗan'adam. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2017 ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Wato ruwan ya dawo bayan farin 1984, amma ya canza hali: ya zo da yawa a dare ɗaya, sannan ya yi shiru. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Hayaƙin man fetur, gas da kwal yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu yawan wannan iskar kusan 280 ne cikin miliyan, yau ta haura 420. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa, in ta sauke sai ta sauke da ƙarfi. Ƙasa mai zafi kuma ta fi saurin bushewa. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi a duniya. Wanda ya yi azumin bara-waccan da na bara a Lafiya ba ya buƙatar a kawo masa takarda.

Afirka gaba ɗaya abin da take fitarwa na wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Don haka idan mutum ya ce "su da suka ɓata su gyara", ban ga laifinsa ba. Matsalar ita ce ruwa ba ya tambayar wa ya ɓata kafin ya shiga ɗaki. Kuma buhunan gawayin da ke jere a bakin titi daga Lafiya zuwa Akwanga, da na hanyar Makurɗi, ba Bature ya sare kaɗanya da kirya ya ƙona su ba. Ni ma da gawayin ake girki a gidana tunda gas ya yi tsada, ba na ware kaina.

Batun cewa ruwa na Allah ne, babu Musulmin da zai musa. Amma tarihinmu na addini bai nuna naɗe hannu ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka sanar da shi shekarun fari bakwai, rumbu ya sa aka gina. A Shekarar Toka, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, ya kuma aika Sham aka kawo abinci, ya jinkirta karɓar zakka. Malamanmu sun fi ni sanin wannan, sai dai ban cika jin an haɗa shi da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara ba. Hasashen kansa a Abuja yake fitowa, kafin ya iso Assakio ko Agyaragu an riga an yi shuka. Ƙungiyar Afrobarometer da ta yi tambaya a 2022 ta samu kusan mutum uku ne kacal cikin goma a Najeriya suka taɓa jin maganar sauyin yanayi, alhali Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi tun Nuwamban 2021. Watakila abin da muke kira taurin kai, rabinsa rashin isar labari ne.

Wurin da ya fi ba ni mamaki a duk abin da na karanta shi ne Maraɗi. Bayan farin 1970 an kashe kuɗi masu yawa ana dasa itatuwan waje a Nijar, akasarinsu suka mutu, manoma ba su kula ba, tunda ba nasu ba ne. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. In an bar reshe biyu ko uku aka gyara, sai su zama itace. Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, ana cewa ƙazamar gona gare su. A yunwar 1984 aka haɗa abin da rabon abinci, mutane suka yi don dole, da aka daina rabon da yawa suka sare. Kaɗan da suka bari sai suka ga suna samun itacen girki da abincin dabba, ƙasa ta daina tashi da iska, gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo. Da hukuma ta sassauta ta bar manomi ya amfana da itacen gonarsa, maƙwabci ya riƙa kwaikwayon maƙwabci. Suka sa masa suna sassabin zamani. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Mafi yawan waɗannan manoman ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gamsar da su game da hayaƙin masana'antu.

Na koma wurin Baba da wannan labarin ranar Juma'a bayan an sauko. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi har yanzu bai yarda da maganar Turawa ba, amma mangwaro da dogonyaro ba su taɓa cutar kowa ba, kuma in za a dasa a harabar makarantar Islamiyya shi zai sa jikokinsa su riƙa ban ruwa. Na mayar da batun cikin ajandar zama mai zuwa, shi ne na uku bayan rahoton ma'aji. Mai ƙarin bayani a kan sunayen yunwar da aka yi a garinsu, ko wanda iyayensa suka ba shi labarin 1973, ya rubuto a ƙasa, ina tattarawa.