Daga Kuza Zuwa Kirifto: Ina Ribar Take Fitowa?

Kuza ce ta kawo kakannin mutane da yawa na Nasarawa Gwom garin Jos, daga Kano da Zariya da Bauci da Barno, a farkon ƙarnin da ya wuce. Su da idonsu suke ganin dukiyar: a ɗauko ƙasa a kwano bisa kai, a wanke ta, baƙin yashi mai nauyi ya kwanta, a ɗora a sikeli. Amma tsakanin 1910 da 1912 kasuwar hannun jari ta Landan ta rikice da labarin kuzar Filato. Kamfanoni suka yi ta tsirowa suna sayar da hannun jari, wasu a kan filayen da ba a tabbatar da arzikin cikinsu ba, masu saye da dama kuwa suka tafka asara. Kuzar gaskiya ce, sai dai kuɗin takardar ya zarce abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Wannan ne ma'aunin da ya kamata a gwada duk sabon kuɗin kirifto da ake tallatawa a waya: me ke bayansa, kuma ina ribar take fitowa? Mutanenmu sun fi sabawa da wata tambayar, wato wa ya kawo shi. A adashi wannan ta wadatar, domin an san uwar adashi da ƙofar gidanta, kuma ba a yi wa kowa alkawarin kuɗinsa zai haihu ba; abin da ka zuba shi za ka kwasa. Bayan rikicin Jos na 2001 da gobarar kasuwar Terminus a 2002, unguwanni sun rabu, kowa ya ƙara jingina da wanda ya sani. Ta wannan ƙofar masu damfara ke bi. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 a wata kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. Duka biyun ta hannun 'yan'uwa da abokan sana'a suka bazu, waɗanda su ma an yaudare su.

Wani zai ce ai ya ga wanda aka biya. An biya shi kam, da kuɗin waɗanda suka shigo bayansa, shi ya sa ake matsa wa kowa ya kawo mutane. Wani kuma zai ce ba duk kirifto ne zamba ba, kuma da gaskiyarsa: dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta sanya irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ta kuma haramta tsarin Ponzi, wato biyan tsofaffi da kuɗin sababbin shiga. Rajista ba ta hana faɗuwar farashi, amma tana nuna akwai wanda za a riƙe. Duk wanda ya yanke maka riba tun kafin ciniki, ya ɓoye sunayen masu kamfanin, ko ya ce sai ka sake zuba kuɗi kafin ka cire naka, kamar yadda aka yi wa mutanen CBEX, to ajiyar sababbin shiga kawai yake rabawa.