Daga Virginia Zuwa Delaware: Yadda Gwajin Sankarar Hanji Ya Shiga Doka a Amurka

Sankarar babban hanji ba ta faɗowa dare ɗaya. Galibi wani ɗan tsiro ne ke fitowa a jikin hanji, ya shekara da shekaru kafin ya rikiɗe ya zama cuta. In likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta dubura ya hango shi, nan take yake cire shi. Sai dai gwajin da tsada, ga kunya, don haka har ƙarshen shekarun 1990 Amurkawa da yawa ba sa ko son a ambace shi.

A 1998 Medicare, inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi, ta fara biyan kuɗin wasu gwaje-gwajen. A wannan shekara ce cutar ta kashe Jay Monahan, mijin 'yar jarida Katie Couric, yana da shekara 42. A Maris 2000, watan da Shugaba Bill Clinton ya ware don wayar da kai kan cutar, Katie ta yarda aka nuna gwajinta a talabijin ɗin NBC. Masu bincike sun gano cewa yawan masu zuwa gwaji ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Yayarta, Emily Couric, wadda a lokacin sanata ce a majalisar jihar Virginia, ita ta jagoranci dokar 2000 da ta wajabta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin gwajin. Jihohi da dama suka bi sahu. Amma irin wannan doka tana da gibi: dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ta hana jihohi taɓa manyan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin lafiyar ma'aikatansu da kansu, wanda ba shi da inshora kuwa ko oho.

Ni a ganina ƙaramar jihar Delaware ce ta fi fahimtar matsalar. A zamanin Gwamna Ruth Ann Minner, daga 2002, jihar ta ɗauki nauyin gwajin marasa hali, daga baya ta haɗa da kuɗin jinyar wanda aka samu da cutar, tunda ba amfanin gaya wa talaka yana da sankara in ba shi da abin magani. Ta kuma sa ma'aikatan jinya a asibitoci, aikinsu su nemo mutum, su sa masa rana, su yi ta bibiyarsa har ya je. Zuwa 2009, baƙaƙen fatar da suka yi gwajin sun tashi daga kashi 48 zuwa 74 cikin ɗari, daidai da fararen fata, mace-macensu daga cutar kuma ya ragu da kashi 42.

Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta sa yawancin inshora biyan kuɗin gwajin ba tare da an caji mutum ba. Bayan cutar ta yawaita a masu ƙananan shekaru, ciki har da jarumin fim Chadwick Boseman da ya rasu a 2020 yana da shekara 43, kwamitin ƙwararru na ƙasa ya sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021.