Karatun Jami'a Ta Intanet: Abin Da Ɗalibin NOUN Ke Buƙata Don Ya Kai Ga Digiri

Karatu daga nesa tsari ne na neman ilimi wanda ɗalibi ba ya zama gaban malami a aji kullum. Darasi kan iske shi a wayarsa ko kwamfutarsa, ya yi nazarinsa a shago ko ofis ko gida, sai lokacin jarrabawa ya halarci cibiyar da aka ware masa. Babbar makarantar da ke kan wannan tsari a Najeriya ita ce Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN. Samun gurbi a cikinta ba shi da wuya, amma fita da digiri yana buƙatar shiri, domin babu ƙararrawar shiga aji, babu kuma mai kiran suna. Ɗalibi shi ne mai sa ido a kan kansa.

Asalin jami'ar

An kafa jami'ar da doka a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sai gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ce ta farfaɗo da ita, ta kama aiki a 2002 ƙarƙashin Farfesa Olugbemiro Jegede. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ne ya shugabance ta. Hedkwatarta tana Jabi a Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu sama da 100 a faɗin ƙasa, har da na gidajen gyaran hali inda ɗaurarru ke karatu kyauta. Shi kansa Obasanjo, bayan ya sauka daga mulki, ya zama ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a 2018. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Shiga da rajista

Mai neman digirin farko ba sai ya zauna jarrabawar share fagen shiga jami'a ta JAMB ba. Abin da ake nema shi ne kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, tare da darussan da suka dace da fannin da ya zaɓa. Mai difloma ko NCE yakan fara daga aji na 2.

A nan sababbin ɗalibai da yawa suke fara tuntuɓe, domin rajistar kashi uku ce a kowane zango: ta zangon karatu, ta kwasa-kwasai, da ta jarrabawa. Ɗalibi kan zuba kuɗi a asusunsa na shafin jami'a ta hanyar Remita, daga nan ake cirar kuɗin kowace rajista. Wanda ya yi biyun farko ya manta da ta ukun, ba zai zauna jarrabawar kwas ɗin ba, komai karatun da ya sha. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya buga takardar shaidar kowace rajista, ya duba sunayen kwasa-kwasan da lambobinsu ɗaya bayan ɗaya, ya adana.

Yadda ake raba maki

Kowane kwas yana da maki 100. Maki 30 na fitowa ne daga jingar da ake kira TMA, wadda ake amsawa ta intanet sau uku a zango, kowace maki 10. Sauran 70 kuma na jarrabawar ƙarshen zango ne. 'Yan aji 1 da 2 kan rubuta tasu a kwamfuta, manyan azuzuwa kuma galibi da biro da takarda.

Wannan rabo shi ne ginshiƙin dabarar ɗalibi. Jinga ana yin ta ne da littafi a buɗe, don haka maki 30 ɗin nan su ne mafi sauƙin samu a zangon gaba ɗaya. Wanda ya bari aka rufe shafin bai amsa ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da giɓin da zai yi wuyar cikewa.

Akwai kuma wani tarko. A kewayen cibiyoyin karatu da zaurukan WhatsApp ba a rasa masu cewa a biya su su amsa wa ɗalibi jinga. Baya ga cewa maguɗi ne, cinikin faɗuwa ne: jinga da jarrabawa daga littafi ɗaya suke fitowa, wanda ya sayi maki 30 ya hana kansa atisayen da zai taimake shi a kan maki 70 da babu mai zauna masa. Haka kuma, duk wanda ya miƙa wa wani kalmar sirrin shafinsa, ya miƙa masa asusun kuɗinsa da rajistarsa.

Littafin kwas shi ne malami

Jami'ar tana sanya littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa kyauta. An rubuta su ne don mai karatu shi kaɗai: an kasa su ƙananan babi-babi, kowane ya fara da abin da ake son a fahimta, ya ƙare da tambayoyin gwada kai. Hanya mafi amfani ita ce ɗalibi ya karanta babi, ya rufe littafin, ya amsa tambayoyin da hannunsa a takarda, sannan ya buɗe ya ga inda ya kauce. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna nuna salon tambaya, amma ba su maye gurbin littafin. Akwai kuma darussan kai-tsaye ta bidiyo da malamai masu jagorantar kwas ke gabatarwa, nan ne wurin kai duk abin da ya shige duhu.

Lissafin lokaci

Ɗan kasuwa ya san ba a sarar kaya fiye da jari. Haka ɗaukar kwas yake. A misali, wanda ya ɗauki kwas 6, kowane da babi 18, yana da babi 108 a gabansa. Idan yana da mako 12 kafin jarrabawa, babi 9 ke nan a mako, wato fiye da ɗaya a rana. Duk wanda ya yi wannan lissafi tun ranar rajista, zai san ko zai iya ko kuwa ya rage kaya. Gara a ɗauki kaɗan a ci, da a ɗauki da yawa a yi ta maimaitawa ana sake biyan kuɗi.

Lokacin karatu kuma a tsayar da shi kamar lokacin buɗe shago. Ga mafi yawan masu aiki, sa'a guda bayan sallar asuba, kafin hayaniyar gida da kiran waya, ta fi sa'o'i uku na dare bayan gajiyar yini. Mai iyali ya sanar da mutanen gidansa wannan lokaci, mai shago kuma ya shirya wanda zai tsare masa tun kafin makon jarrabawa.

Wuta, data da kwamfuta

A sauke dukkan littattafai tun makon farko, don karatu kada ya tsaya ranar da babu data ko sabis. Kada a bar jinga sai ranar ƙarshe, lokacin da jama'a ke cunkushewa a shafin. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya je shagon intanet ya koyi riƙe linzami da amfani da allon rubutu, domin waya ba za ta shiga ɗakin jarrabawa da shi ba. Sanarwa kuma a neme ta a shafin jami'a ko cibiyar karatu, ba a ji-ta-ji-ta ba.

Ga ma'aikacin gwamnati

Mai digiri yakan fara aikin gwamnati ne a mataki na 08, shi ya sa ma'aikata da yawa ke wannan karatu don sauya layin aiki ko ƙarin girma. Kafin a fara, a rubuta wa ma'aikata takardar neman sahalewa, a tabbatar amsar ta shiga fayil, a kuma zaɓi fannin da ya dace da aikin da ake yi. Wannan ne ke sauƙaƙa samun izinin fita lokacin jarrabawa da kuma karɓar takardar shaidar daga baya.

Sauran makarantu

NOUN ba ita kaɗai ba ce. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna kuma ta daɗe tana horar da malamai a kan wannan tsari. Ko wace makaranta ce, a duba shafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, idan digiri ake nema, a tabbatar ta amince da jami'ar da kuma fannin kafin a biya ko kwabo. Bayan wannan, abin da ya rage na hannun ɗalibi ne: rajista a kan kari, jinga da hannunsa, da babin yau a karanta shi yau.